Sudan: Yadda yaƙi ya mayar da zubar da ciki tarkon mutuwa

Tun bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke tattara rahotannin fyaɗe daga Khartoum, Jazira da Darfur. Wasu daga cikin matan sun wayi gari da juna-biyu, ga asibitoci a rufe.

Dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ta halatta zubar da cikin fyaɗe muddin bai wuce kwana 90 ba. Sai dai izinin yana bi ta hannun 'yan sanda da masu gabatar da ƙara, waɗanda yaƙi ya tarwatsa ofisoshinsu. Idan wa'adin ya shuɗe, mace kan koma ga jiƙe-jiƙe, ko ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba, ko ƙarfe marar tsabta.

Abin da kan biyo baya shi ne ɓallewar jini, hujewar mahaifa, ko ragowar ciki da ke ruɓewa har guba ta shiga jini. Ƙarin jini, wankin ciki da maganin kashe ƙwayoyin cuta kan ceto rai cikin sa'o'i. Amma a El-Fasher, Asibitin Haihuwa na Saudiyya kansa ya sha ruwan bama-bamai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta kashi 4.7 zuwa 13.2 cikin ɗari na mace-macen masu juna-biyu ga zubar da ciki mai haɗari. Darasi ga masu tsara agaji a Borno: dokar Najeriya ba ta hana jinyar matar da ta iso tana zubar da jini ba.