Zafi da Giyar Otomatik

Giyar da ke sauya kanta, wadda kamfanin General Motors na Amurka ya fitar wa jama'a a cikin motocin Oldsmobile na 1940, ni'ima ce ga direba, amma ni'ima ce mai sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ne kada man giyar ya yi zafi fiye da kima. Dalili kuwa, a tsakanin inji da giya akwai wata tukunya cike da mai, inda fanka ɗaya ke watsa man a kan ɗaya har ta juya ta; kuma duk sa'ad da mota ke fama da nauyi, ko hawan tudu, ko cunkoson gari, ƙarfin da ya zame bai isa taya ba, zafi yake komawa.

Masu ƙera mota ba su gafala da wannan ba, gama sun bi da man giya ta wani bututu a cikin lagireto domin ruwa ya kwashe zafinsa. Sai dai sun auna wannan tanadi ne gwargwadon motar yadda ta fito daga masana'anta. To, idan mutum ya ƙara wa inji ƙarfi, ko ya sa manyan tayoyi, ko ya mai da Sienna motar haya, ya cika ta maƙil da fasinja da kaya a hanyar Sakkwato cikin watan Afrilu, haƙiƙa ya karya mizanin da aka gina ta a kai, kuma gyaran mizanin ya zama wajibi a kansa.

Man giya ya fi samun lafiya a wajen daraja 80 zuwa 95 a ma'aunin Salsiyas. In ya daɗe sama da 120, sai jan launinsa ya rine ya koma ruwan ƙasa, ya riƙa warin ƙuna, robobin da ke tsare shi su ƙandare, faya-fayan kuloci su fara zamewa, alhali direba bai ji komai ba tukuna sai ɗan jinkiri wajen shigar giya.

Maganin ƙaramin lagireto ne na mai, wanda ake ɗaurawa can gaba, inda iska ke bugu kai tsaye. Abin da na fi so mai mota ya kiyaye shi ne tsarin haɗin: man ya fito daga giya, ya ratsa lagireton asali, sa'an nan ya shiga sabon, kafin ya koma. Wasu makanikai kan tsallake na asalin ɗungurungum, ni kuwa ban ga hikimar haka ba, domin a safiyar hunturu ruwan inji ne ke ɗumama man, kuma man da ya yi sanyi ƙwarai kauri yake yi, giya ta yi nauyin sauyawa.

A nemi tiyo mai jure mai da matsi, a nisanta shi daga salansa, a ɗaure bakinsa tamau. Bayan haka a ƙara mai irin wanda littafin motar ya ambata, tun da sabon lagireton zai sha nasa rabo, a kuma sake gwada shi bayan mota ta yi ɗumi.