Zaƙulo Sassan Shafin Intanet da Sauya Musu Aji: Misali Daga Ajami da Boko

Gabatarwa

A ɗauka manazarci ya tattaro waƙoƙin ajami daga hannun malaman Toranke da ke ƙaramar hukumar Ajingi, yana son ɗora su a intanet tare da juyinsu na boko. Nan take zai ci karo da matsala, domin kowane rubutu da irin fasalin da yake buƙata. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake ware kowanne a ba shi nasa.

Tsarin Shafi

Shafin intanet tamkar gida ne mai ɗaki cikin ɗaki. HTML ke aza ginin, CSS ke yi masa ado, shi kuwa JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995, yana iya sauya adon mai karatu na kallo. Haka waƙa ke zama a shafi: baitoci a cikin waƙa, ɗangwaye a cikin baiti, sannan sharhin manazarci a ƙarƙashinsu. Aji laƙabi ne da ake liƙa wa sashe, duk sashen da ya ɗauke shi sai ya sami adon da aka tanadar masa.

Yadda Ake Zaɓe

Ana fara yi wa rubutun ajami lamba da ha-Arab, na boko kuma da ha-Latn. Umarnin querySelectorAll ne ke zaƙulo sassan da suka dace da sharaɗin da aka gindaya, sannan classList.add ya liƙa musu aji, classList.remove ya cire. Ta haka za a iya sanya wa ɗangwayen ajami salon haruffa na Alkalami, wanda SIL International ta tsara bisa rubutun hannu irin na Kano.

A nan ne ake yawan tuntuɓe. Idan aka bar fili kawai tsakanin sunan baiti da lambar ajami, umarnin zai kwaso ’ya’ya da jikoki baki ɗaya. Idan kuwa aka sa alamar > a tsakani, ’ya’yan baiti kaɗai zai ɗauko. Bambancin ba ƙarami ba ne. Kalmar ajami guda da aka kawo cikin sharhi jika ce ga baitin. Muddin ta sami ajin da aka tanadar wa cikakken ɗango, za ta ɓalle daga jimlarta ta tsaya a layinta, mai karatu ya zaci baiti mai ƙwar biyar ya koma ƙwar shida.

Kammalawa

Alkiblar rubutu daga dama zuwa hagu ya fi dacewa a kafa ta cikin HTML ɗin kansa, kamar yadda hukumar W3C ta ba da shawara, domin ko ado ya gaza fitowa matanin ya karantu daidai. Saboda haka, wajibi ne manazarci ya fayyace wa mai gina shafi tsarin waƙar tun farko, ya kuma gwada shafin da rubutun asali baiti bayan baiti kafin a sake shi.