Motsa Jiki da Kaifin Tunanin Yara Masu Shanyewar Ƙwaƙwalwa

A unguwanninmu, daga Kufena da Wusasa har cikin birnin Zariya, akan ga yaro ya kai shekara uku ko huɗu bai iya zama da kansa ba, gaɓoɓinsa a sandare. Wasu su ce shan-inna ce, wasu su ce ɗan ruwa ne. Sau da yawa kuwa ba ko ɗaya. Rauni ne ya sami ƙwaƙwalwarsa tun yana ciki, ko wajen doguwar naƙuda, ko daga shawarar jarirai da sanƙarau. Wani likitan Ingila, William Little, ya yi bayanin ciwon tun a shekarun 1860. A duniya, kamar yara 2 cikin kowane 1,000 da aka haifa suna da shi.

Abin da iyaye ba su cika sani ba shi ne, kusan rabin yaran nan hankalinsu daidai yake da na kowa. Baki ne ke da nauyi, hannu kuma ba ya bin umarni. Amma sai a shimfiɗa wa yaro tabarma a ɗaki, ya wuni a kwance, wai ana tausayinsa. A ganina wannan tausayi cutarwa ne, domin zaman wuri ɗaya yana raunana jiki, kana ya dusashe tunani.

Ga dalili. Idan mutum ya yi motsin da ke sa zuciya bugawa da sauri har ya yi haki, jini mai ɗauke da iska yana ƙaruwa a ƙwaƙwalwa. Sa'an nan jiki yana ƙara fitar da wani sinadari mai taimakon jijiyoyin ƙwaƙwalwa su haɗu da juna. Binciken da aka yi a kan yara 'yan makaranta ya nuna suna ƙara natsuwa da mai da hankali bayan irin wannan motsi, gwaje-gwajen da aka yi da ƙananan rukunin yara masu wannan lalura kuma sun karkata ga haka. Ba ya goge raunin, lalle, amma natsuwa ita ce jarin ɗalibi a aji.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17, har da naƙasassu, su riƙa samun kamar minti 60 na motsa jiki kullum. Ba dole ne a yi su a tashi ɗaya ba. Mai iya tafiya ya zagaya tsakar gida da sauri, ko ya tuƙa keke mai ƙafa uku. Wanda ba ya tsayuwa a jefa masa ƙwallo yana zaune, ya cafe ya mayar, har numfashinsa ya ɗaga. Mu 'yan makaranta da ke da ƙanne irin waɗannan, aikinmu ne bayan la'asar, in rana ta yi sanyi.

Kafin a fara, musamman in yaron yana da farfaɗiya, a kai shi sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, su auna shi su faɗi irin motsin da ya dace da shi.