Zuciyar Ɗan Wasa

Yau maganarmu a kan samarinmu ne masu wasan ƙwallo.

A ranar 12 ga Agusta 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas, ana cikin wasan Nijeriya da Angola. Bai sāke tashi ba. Shekararsa 25. Likitoci suka tarar zuciyarsa ta yi girma fiye da kima. Haka Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Faransa a 2003.

Me ke kawo wannan? Sau da yawa naman zuciya ne yakan yi kauri, akan kuwa gāje shi. Yaro ga ƙarfi, ba ya jin ciwon kome, amma in gudu ya yi tsanani sai bugun zuciya ya rikice, jini ya daina kaiwa ƙwaƙwalwa. Sai mutane su ce jifa ne. Ba jifa ba ne.

Nwankwo Kanu kuwa, awo ne ya cece shi. A 1996 likitocin Inter Milan suka ga lahani a wata ƙofar zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka, ya koma wasa.

Iyaye, in yaro ya taɓa suma yana gudu, ko ƙirji na yi masa ciwo, ko wani a dangi ya mutu farat ɗaya da ƙuruciyarsa, ku kai shi asibiti a auna bugun zuciyarsa da na'ura. In ya faɗi ba ya numfashi, kada a tsaya zuba masa ruwa. A yi ta danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya ruga neman likita.