Itacen Da Ya Dace Da Amalanken Ɗaukar Jirgi

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa cikin 1983, manoma da yawa na ƙasar Dutsin-Ma suka haɗa noma da su. Jirgin kamun kifi kuwa ba ya tafiya a tudu. In an sassaƙa sabo, ko ruwa ya janye da rani, ko za a kai shi gyara, tilas a ɗora shi bisa amalanken shanu, watau wadda ake kai taki gona da ita. A nan ne jirage da yawa ke samun ciwon da ke kashe su.

Dalili kuwa shi ne, akan aza jirgin kai tsaye bisa ƙarfen amalanke. Kowane rami aka faɗa, ƙarfen ya doki cikin jirgin wuri guda, har katakon ya tsage ko haɗinsa ya buɗe. Mai jirgi ba zai gane ba sai ya kai tsakiyar ruwa ya ga yana yoyo. Maganin abin shi ne a shimfiɗa itatuwa biyu a tsawon amalanke, jirgin ya kwanta a kansu kamar matasai, nauyinsa ya rarrabu. Kaurin inci biyu, faɗin inci huɗu ya isa, amma tsawonsu ya kama kusan duk cikin jirgin.

To, wane itace? Nan ne akan yi asara. Farin katakon nan mai araha da ake kawowa daga kudu, irin su obece, yana da daɗin aiki ga kafinta, amma in ya sha ruwa ya sha rana sai ya ruɓe, gara kuma ba ta jinkiri da shi. Rimi ma haka. Gawo kuwa kada a ko dube shi: itacensa ba shi da ƙarko, kuma amfaninsa a tsaye cikin gona, inda ganyensa ke zama taki, 'ya'yansa abincin dabbobi, ya fi na kowane katako.

Ƙirya ita ce sarauniya wajen jure gara, shi ya sa ake turmi da taɓarya da ita. Sai dai tana da nauyi ƙwarai, ba ta cika miƙewa ba, ga shi ta yi ƙaranci saboda masu gawayi. Maɗaci yana da kyau in an samu, marke ma da ƙarfi amma yakan tsage wajen bushewa. Abin da talaka zai fi samu daga Dutsin-Ma har Kurfi shi ne darbejiya, wadda Katsinawa ke kira bedi. Tana ko'ina, tana yin dogon reshe, ƙwari kuma ba su son ta sosai. A zaɓi jan cikinta, a feƙe farin bayan, don shi ƙwaro ke fara ci. Kafin a sa gatari dai, a nemi izni wurin malamin daji na ƙaramar hukuma.

Kowane iri aka zaɓa, kada a yi aiki da shi ɗanye. Ɗanyen itace in hunturu ya buga shi sai ya murɗe, jirgi ya koma yana kwance bisa gefe guda. A jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakani iska ta ratsa, a bar shi ya ci rani. Mai gaɓa a tsakiya a ƙi shi, nan yake karyewa.

Saura abin da za a rufe shi da shi. A Amurka, inda ake jan jirage da mota, sukan naɗe itacen da darduma ko su sa roba. Darduma da buhu ba su dace da nan ba, gama suna riƙe ruwa da yashi, yashin ya yi ta goge cikin jirgi kamar magagari, laimar kuma ta ruɓar da itacen. Tsohuwar tayar babur ta fi. A yanka ta a tsaye, a cire wayar bakin, a shimfiɗa, a buga ƙusoshin daga gefe.

Wajen ɗaure itacen da ƙarfen amalanke, a yi amfani da noti maimakon ƙusa, a kuma faɗaɗa bakin hudar yadda kan notin zai nutse cikin itace. Kan noti guda da ya leƙo ya isa ya huda jirgi kafin a kai bakin ruwa. Masu shafa baƙin mai don gara su yi haka nesa da madatsa, kuma kada a tura amalanken cikin ruwa, don man yana cutar kifi, ruwan nan kuwa mutane na sha.

Kullum ƙarshen damina a soka wuƙa a jikin itacen, musamman kusa da noti. In ta shiga da sauƙi, a sake shi kafin lokacin ɗaukar jirgi ya zo.