Laburare: A Buɗe Wa Yaranmu Ƙofa

Yau shirin namu zai leƙa ɗakin karatu ne, wato laburare.

Wanda duk ya shiga Laburaren Murtala Muhammad da ke Kano idan jarrabawa ta ƙarato, zai tarar kujeru sun cika tun da hantsi. Ga yarinya ta baje tsofaffin tambayoyin WAEC, tana bi da biro layi-layi. Ga saurayi ya jona wayarsa a caji yana kwafar darasi daga intanet. A gida ɗaki guda suke kwana da ƙanne, ga aike, ga ɗauke wuta. Nan ne kaɗai suke samun natsuwa.

A zamaninmu, aron littafi ke kai mu. A buga maka hatimi a kati, ka tafi da Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja, ka karance ka dawo da shi. Yanzu aikin laburare ya ƙaru. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. To, ɗan talakan da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ina zai koya in ba a laburare ba?

Abin takaici, a makarantu da dama ɗakin karatun a garƙame yake. Mabuɗi na aljihun wani malami, ƙura ta lulluɓe kantoci, gara na cin littattafai. A sama ma haka abin yake: tun 1964 aka kafa Laburaren Ƙasa, amma ginin hedkwatarsa a Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, ya haura shekara 15 ba a kammala ba.

Mu kuwa jikokin masu tawada da alƙalami ne. Rubuce-rubucen malaman Sakkwato da Borno da ke adane a Gidan Arewa na Kaduna sun ishe mu shaida.

Saboda haka, gwamnatoci, a sa wutar sola da kwamfutoci, a ɗauki ƙwararrun ma'aikata. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ku tuna da makarantunku. Iyaye kuma, gobe idan yaro ya dawo daga makaranta, ku tambaye shi: an buɗe muku laburare yau?