Gonar Uba Da Rabon 'Ya Mace

A shekarar 1817, watau shekarar da Allah ya yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo rasuwa a Sakkwato, wata mata ta mutu a ƙasar Ingila, sunanta Jane Austen. 'Yar wani limamin coci ce na ƙauye, aikinta kuwa rubuta littattafan hikaya, irin waɗanda ake ƙaga labari don a nuna halin mutane. Har ta bar duniya ba a buga sunanta a kan ko ɗaya daga cikinsu ba, domin a zamanin nan Turawa da yawa suna ganin bai kamata mace mai mutunci ta kai sunanta kasuwar littattafai ba.

Littafinta da ya fi shahara ya fito a 1813, ana kiransa Pride and Prejudice, watau girman kai da mugun zato. Samari 'yan makaranta sukan ɗauke shi labarin soyayya ne kurum. Amma wanda ya zauna gaban malami ya karanta fara'ili, da ya ji labarin zai gane maganar gado ce. Wani mai gida ne yana da fili mai kawo masa fam 2,000 a shekara, yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, duka mata. To, kakanninsa sun ɗaure filin da sharaɗi, cewa namiji kaɗai zai gaje shi. Saboda haka ran da mai gidan ya kwanta dama, wani ɗan'uwansa na nesa zai zo ya karɓe gida da gona, uwa da 'ya'yanta su nemi wurin zama. Shi ya sa uwar ba ta da zance sai na aurar da su ga masu hali. Mai karatu yakan yi mata dariya, alhali kuwa tsoron talauci ne ke cinta.

Da a gaban alƙalin Musulunci aka kawo wannan, ai ba a daɗe ba a gama. Mas'alar daga 24 take. Mata tana da tumuni, kashi 3. 'Ya'ya mata su haɗu a kan sulusi biyu, kashi 16. Ɗan'uwan nan, in ma ya tabbata asaba ne ta wajen uba, ragowar 5 kaɗai zai samu.

Ba ita kaɗai ta yi wannan kuka ba. Akwai wasu 'yan mata uku 'yan gida ɗaya, Charlotte da Emily da Anne Brontë, waɗanda suka ari sunayen da ba a gane na mata ne ba kafin a buga littattafansu. Ƙaramarsu, Anne, ta fitar da labari a 1848 na wata mata da mijinta mashayi ne, ta yi ta tanadin kuɗi da sana'ar zane don ta tsere da ɗanta. Da mijin ya gane sai ya ƙone kayan aikin, ya kwashe kuɗin, doka kuwa tana bayansa, gama a lokacin abin da matar aure ta samu da guminta na miji ne. Sai a 1870 majalisar Ingila ta fara gyara wannan, a 1882 kuma ta yarda matar aure ta mallaki dukiyarta ita kaɗai. Lalle cikin waɗannan littattafai akwai al'adun da ba su dace da Musulmi ba, kamar raye-rayen maza da mata wuri ɗaya, amma ƙarar da suka kai gaskiya ce.

A daidai waɗannan shekaru, a Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu tana rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. An haife ta a Degel a 1793, ta rasu a 1864, mijinta kuwa shi ne Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Ita ba ta ari sunan kowa ba. Almajirai suna kwafar waƙoƙinta sun san ta wace ce, har takan sa ramzin shekara a ƙarshensu kamar yadda manyan malamai ke yi. Ita ta kafa 'Yan Taru: takan naɗa dattijuwa ta zama jaji, ta ba ta malafa, jajin ta riƙa kawo mata matan ƙauyuka, tsofaffi da 'yan mata, su koyi tauhidi da tsarki da salla da tarihin jihadi cikin waƙa, su koma su koya wa waɗanda aure ya tsare a gida. Tushen abin daga mahaifinta yake, domin a cikin Nurul Albabi Shehu ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

To, wannan abin alfahari ne, ana kuwa faɗinsa a wurin wa'azi. Amma fa sai a dubi abin da ke gudana a ƙasar noma, daga Funtuwa zuwa Bakori da Danja, daga Malumfashi zuwa Kafur. A nan dukiyar talaka gona ce, ita ke ba da masara da dawa da auduga. Sau da yawa in mai gida ya rasu, akan raba tufafi da dabbobi da 'yan kuɗi bisa shari'a, a kira malam ya yi lissafi, kowa ya shaida. Da an zo kan gona sai babban wa ya ce a bar ta gandu, kada a ɓata gidan uba. Hujjarsu ita ce mace ba ta riƙe fartanya, in an ba ta sai ta kai wa mijinta, gonar kakanni ta koma hannun bare. Da kaka a aika mata da dami biyu na dawa, ta yi godiya kamar sadaka aka ba ta. Shekaru su wuce, yayyen su mutu, 'ya'yansu su gaji abin da ba na iyayensu ba ne duka. Sharaɗin nan na Turawa ko banza a rubuce yake, majalisa na iya taɓa shi. Wannan kuwa ba ya cikin kowane littafi, ya kuma saɓa wa Suratun Nisa'i, wadda ta yanka wa mata rabonsu cikin abin da iyaye suka bari, kaɗan ne ko mai yawa.

Abin da ke riƙe da al'adar har yau biyu ne. Na ɗaya kunya, don macen da ta kai yayyenta gaban alƙali za a ce ta yanke zumunci. Na biyu, wanda ya fi nauyi a wuyan malamai, shi ne ba ta ma san abin da take da shi ba. Yarinya takan fara allo tare da ƙannenta maza, wani lokaci ta fi su kaifin hadda, sa'an nan talla ta janye ta, aure ya biyo baya. In ta yi sa'a ta taɓa Ahalari da Ishmawi. Babin fara'ili kuwa yana can wajen ƙarshen Risala, inda 'yan mata kaɗan ke isa. Makarantun Islamiyya na matan aure da suka yawaita a garuruwan nan su ne magadan aikin jajin Nana Asma'u, ya kamata su sa lissafin gado cikin abin da suke koyarwa tun da wuri.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, da gona eka 8 bayan an biya bashi an zartar da wasiyya. Matar tana da eka 1, kowace 'ya eka 1, kowane ɗa eka 2. Watau rabin gonar nan na mata ne. In rabawa za ta lalata ta, sai a yi mata ƙima a biya kowace kuɗin rabonta da yardarta. In kuma wata ta ga dama ta bar wa ɗan'uwanta, halal ne, amma sai bayan an nuna mata iyakar abinta a gaban shaidu, ta san abin da take bayarwa.